Abin da Misbahu Mai Ɓera Ya Mayar

Misbahu bai taɓa satar ko tsinken sakace ba, amma a gaban mutanen layinmu kaf ya buɗe baki ya ce ya mayar da abin da ya ɗauka. Ina wurin, kunnena ya ji. Ni ce Hansai mai tuwo, wadda ke kafa tukunya a ƙofar gidan hayarmu na Agege a Legas, bayan layin dogo. Ɗakina da nasa suna kallon juna tun ranar da ya kawo amaryarsa Ummu Salma, don haka ba a bakin wani na tsinci labarinsa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba zan ɓoye wa kowa ba.

A Ebute Metta aka haife shi. Kakansa soja ne da Bature ya kwaso daga Arewa ya manta bai mayar ba, ubansa kuma a aikin jirgin ƙasa ya tsufa. Shi Misbahu bai taɓa ganin Kano ba sai a waya, Yarabanci ma ya fi Hausa gudu a bakinsa. Siriri ne mai faɗin goshi, ba ya faɗa, ba ya zagi, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Aibinsa ɗaya ne, baki. In ya san abu sai kowa ya sani, ana so ko ba a so.

Da ƙuruciya ya yi kwandastan danfo, motar hayar Legas, har ranar da direbansa ya fasa masa haƙoran gaba da sifana don ya buga ƙofa da ƙarfi. Ya tofar da jini a bakin titi, ya tako gida da ƙafa, bai sake hawa bayan mota ba. Daga nan ya samu aiki a wata babbar makaranta, a ɗakin da ake ajiye dabbobin da ɗalibai ke karatu da su. Wanke keji, zuba dusar katako, kwashe kashi, shi ke nan aikin. Mai kula da ɗakin wata 'yar Filato ce, Madam Nanret, da ta ga yana da tambaya kamar ɗan jarida sai ta riƙa zaunar da shi tana koya masa. Da za ta koma gida ta raba masa wasu 'yan dabbobi a kwali ta ce ya je ya nemi abinci da su.

Hamsta ake ce musu. Ɓera ne dai, kada a yi mana ƙarya, sai dai ba shi da jela, kuma kumatunsa jaka ne, yana cusa masara a ciki har fuskar ta fi jikin faɗi. Iri biyu gare shi, manya jajaye da ƙanana masu launin toka da baƙin zane a gadon baya. Ya kafa musu rumfar kwano a bayan gida kusa da rijiya, yana kai 'ya'yan wa masu sayar da dabbobin ado a Ogba, ɗalibai kuma suna biyo shi har gida. Yaran Yarabawa suka sa masa Baba Eku, mu kuma muka fassara, Mai Ɓera, sunan ya bi shi.

In ka gan su sai ka ce auduga ce ke numfashi, alhali ban taɓa ganin mugun abu irin macensu ba. Wata rana da hantsi ya kira ni in ga yadda ake haɗa su. Ya ɗauko wani jan namiji da yake ji da shi ya saka a kejin macen. Ta shinshina shi sau ɗaya, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta yi wata ƙara mai tsinka kunne, sai ta hau shi. Ba wuya ta nufa ba, baya ta zagaya daidai inda dukiyarsa take ta kafa haƙora. Kafin Misbahu ya zura hannu ta farke shi, dusar ta yi jajir. Hannun ma bai tsira ba, ta huda masa babban yatsa har ƙashi, ya ɗago ta tana lilo a jiki ta ƙi saki. Na ce ya maka ta da ƙasa. Ya ce a'a, laifinsa ne, shi ya yi kuskuren rana, ba ranar da take karɓar namiji ba ce. Ya lallaɓa ya ɓamɓare ta ya mayar, namijin kuwa bai kai azahar ba. Wata kuma ta haihu, wani baƙo ya taɓa 'ya'yan da hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cinye, sai 'yan ƙafafu aka tarar. Duk da haka ban taɓa ganin ya ɗaga wa ɗayansu hannu ba.

Ya ce min asirin sana'ar ba a abinci yake ba, a haske yake. Wai asalinsu daga ƙasar sanyi ne, inda yini ke gajarcewa in sanyi ya matso, kuma jikin namijin tsawon yini yake aunawa. Mu nan Legas dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, rumfar kuma ga duhu, sai dabbar ta ɗauka sanyi ne ke tafe, ba lokacin haihuwa ba ne. Shi ya sa ya rataya musu ƙwan lantarki, yana kunnawa kafin magariba, ba ya kashewa sai an daɗe da yin isha'i. Namiji mai lafiya, 'ya'yan marainansa sun fi ƙarfin jikinsa, yana tafe yana jan su a baya kamar ƙunshin goro. In haske ya yi ƙaranci sai su riƙa motsewa a hankali har su shige ciki, ka juya shi ka rasa gane namiji ne ko mace, maniyyin kuma ya ƙafe ƙaf. Ko ƙwai goma ka kunna masa yau, ba gobe zai dawo ba. Sai abin ya sake fitowa tukuna, sannan jiki ya ɗora sabon iri daga farko, shi ma sai ya ci wata guda da 'yan kwanaki kafin ya nuna, kuma kowane jinsi da nasa lokacin, na tokar daban, na jajayen daban.

"Iya Hansai," in ji shi, "kamar tukunyarki ce. Wanda ya yi ciki yau, tun watan jiya aka ɗora shi a wuta."

Na kai masa duka da muciya na ce ya cire tukunyata daga wannan magana. Da a ƙofata kawai yake yin ta da sauƙi. Amma ina, teburin shayin Nassirou da ke bakin layi can ne makarantarsa. Mutane na tsoma burodi, shi kuma sai ya zaro hamsta daga aljihun riga ya birkice ta a tafin hannu yana nuna musu. Wasu su yi dariya, wasu su ture kofi su tashi. Na sha ja masa kunne cewa akwai maganar da maza ke dariya a kanta da baki, ciki kuwa ba dariya suke ba. Ya ce ilimi ne, ba batsa ba.

Ga shi kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Shekaru sun ja, ƙannen Ummu Salma duk sun yi goyo, ita shiru. 'Yan teburin shayi suka samu abin tsokana, mai haɗa auren ɓeraye ya kasa haɗa nasa, ya rataya wa kansa ƙwan mana. Wani namijin da sai ya ɗora wa matar laifi. Misbahu da ƙafarsa ya je asibiti, likita ya ce nasa irin ne ya yi ƙaranci, ya ba shi magani, ya ce ya daina matse kansa da wando, kuma kada ya sa ran ganin canji sai an yi watanni, don na ɗan Adam ya fi na ɓera daɗewa a wuta. Ya dawo yana murna kamar an ba shi kujerar Makka, wai ashe shi da dabbobinsa hanya ɗaya suke bi. Wannan ma sai da ya kai teburin shayi. Ummu Salma ta yi kuka a ɗakina ranar, ba don ciwon ba, don tonon sililin.

Da damina ta kankama taransfomar unguwa ta yi bindiga ta ƙone. Muka shiga duhu, wata ya bi wata. Ɗan janaretansa ya yi tari ya mutu. Mazan hamstar suka motse ɗaya bayan ɗaya, matan suka daina ɗaukar ciki, in ya gwada haɗa su sai kisa. Ya rame kamar shi aka kashe wa wutar. Daga baya ya samo fitila mai cajin rana ya rataya, ya zauna jira. Da abin ya fara dawowa sai ga shi a teburin shayi da jan namiji a hannu, baki har kunne, yana cewa kowa ya zo ya gani, wanda ya ɓace tas ga shi ya fito. Balarabe mai faci, wani ƙato da ke gyaran taya a gefen teburin, ya tambaye shi cikin wasa wai shi ke ɗaukewa ne shi ke mayarwa.

"Ni mana," in ji Misbahu. "Makunnin a hannuna yake. In na so in ɗauke, in na so in mayar."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a daidai wannan lokacin maganar shafi-mulera ta cika gari. Kowace waya da hoton wani da aka tara wa jama'a, wai ya gaisa da mutum ko ya goge shi a danfo mazakutarsa ta ɓace. 'Yan dakon kasuwar Mile 12 da ke cin tuwona kullum da sabon labari. Manya-manyan maza masu gemu suna tafe hannu a aljihu, wasu da fil maƙale a bakin wando, in ka yi musu sallama su amsa daga nesa. Tsoro ya mai da su yara, ni kuwa ina kallonsu ina tuƙa tuwona.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, kwata ta cika ta tumbatsa. Kamal, wani matashi mai tuƙa keke napep, sabon ango, ya fito tun asuba ruwa ya yi masa dukan tsiya. Ya tsaya a bakin layi jikinsa na ɓari, idanun nan jajur, don kowa ya san yana ɗan haɗiye-haɗiye saboda ƙarfin aiki. Misbahu ya fito da buhun dusa a kafaɗa, ya miƙa masa hannu, ya tambaye shi amarya, ya wuce. Bai yi nisa ba Kamal ya dafe gabansa ya kurma ihu.

"Ole! Ole! Ya ɗauke min! Mai Ɓera ya ɗauke min!"

Ole ɓarawo ne da Yarabanci, kuma a Legas in aka kira wannan kalma ba a tambayar me aka sata. Misbahu ya juyo yana neman ɓarawon, bai san shi ba ne. Wani ɗan acaɓa ya fara kai masa naushi a kunne, buhun ya faɗi ya fashe. Kafin in ajiye muciya layin ya cika. Masu wanke mota, masu jiran danfo, 'yan teburin shayi da kofunansu a hannu, har da waɗanda ba su san sunansa ba. Aka kwashe masa ƙafafu ya faɗa cikin taɓo. Wani ya fizgo katakon bencina mai ƙusa a jiki ya sauke masa a gadon baya, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Suka yayyaga rigarsa. Ya kare fuska da hannu, wani mai takalmin soja ya taka hannun a kan dutse ya murza, yatsun suka karye. Wata mata da nake ba bashin miya ta cire silifas tana zabga masa a ka tana kiran sunan Allah.

Na kutsa da ludayi cike da tafasasshiyar miya na watsa wa na gaba-gaba, ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro da aka yi sunansa a gabana ya hankaɗa ni cikin kwata, ƙuguna ya bugi siminti, na kasa tashi. Daga nan kwance na ga sauran.

Suka ɗago shi suka jingina da keken Kamal. Idonsa na hagu ya rufe, jini na bin gemunsa. Ana ta ihu da harsuna uku, a mayar, a mayar. Ya ce bai ɗauki komai ba, sanyi ne, kowane namiji in ruwa ya doke shi haka yake zama, a ba yaron shayi mai zafi ya zauna. Aka ɗauke shi da mari. Sai Balarabe ya ɗaga hannu aka ɗan lafa, ya ce shi shaida ne, da kunnensa ya ji mutumin nan ya ce shi ke ɗaukewa shi ke mayarwa, kuma duk wanda ke teburin ranar ya ji. Kawuna suka gyaɗa. Ya ce shekara nawa ba haihuwa a ɗakin Misbahu, kowa ya san me yake nema. Sannan ya sunkuyo ya tausasa murya kamar mai lallashi, ya tambaye shi, in abin ya shige ciki, yaushe yake fitowa?

Mutumin da aka fasa wa kai, aka yi masa tambayar da ya fi sanin amsarta a duniya. Wallahi ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Ba ya fitowa nan take, sai an yi makonni."

Kamal ya zube ƙasa yana birgima yana kiran uwarsa. Jama'a suka haukace. Rabinsu suka kwarara bayan gida suka ɓalle rumfar, wai a nan yake ajiye abin da ya sato. Suka fito da kejin suna rotsawa a bango, dabbobin suna faɗowa ana bi ana takewa, ƙato da gemunsa yana tsalle a kan abin da bai kai tafin hannu ba. Wata mai jarirai aka jefa ta da kejinta cikin murhuna, warin gashi ya tashi. Balarabe kuwa ya gangaro da tsohuwar taya ya zura wa Misbahu a wuya, wani ya zuƙo fetur daga tankin keken a gorar ruwa ya tuttula masa a ka. Fetur ya shiga raunukan, a nan ne kawai na ji ya yi ƙara. Wani ya riga ya fito da ashana, sai dai ta jiƙe, yana ta ƙyastawa tana ƙin kamawa.

Ummu Salma ta dawo daga awo ta tarar da haka. Ta yar da ledar, ta rarrafa ta tsakanin ƙafafun mutane ana taka mata mayafi, ta rungume shi da tayar da fetur ɗin duka. Ta ce wa mai ashana ya haɗa da ita. Wannan ya sa aka ɗan ja baya. Balarabe ya ce ba su da matsala da ita, mijinta ya mayar wa yaro kayansa yanzu a gaban kowa, a tashi lafiya.

"Malam, ka ce ka mayar," ta ce masa a kunne, amma duk mun ji.

"Ban ɗauka ba, Salma. In na ce na mayar, na ɗauka ke nan."

"Na sani. Ni na sani, Allah ya sani. Ka faɗa."

"Har in mutu da sunan ɓarawo za a kira ni."

"To a kira ka kana da rai. Kada ka bar ni da gawar da ba za ta wanku ba."

Ya dube ta da ido ɗayan da ya rage. Wani daga baya ya miƙo laita. Na ga lokacin da Misbahu ya saki, kafaɗunsa suka sauka. Aka jawo Kamal gabansa. Ya ɗaga karyayyen hannun ya ɗora a kan cinyar yaron, ya ce, da Hausa sannan da Yarabanci don kowa ya ji, ya mayar. Aka zagaya da Kamal bayan wata danfo, maza biyu suka bi shi su duba. Jikinsa ya riga ya yi zafi saboda birgima da ihu, me kuwa zai hana. Ya fito yana ɗaure wando ya ce ya dawo, sai dai bai kai yadda yake da ba. Aka yi kabbara, wasu har da tafi. Kowa ya kama gabansa da farin cikin ya yi aikin lada. Motar 'yan sanda ta iso bayan an watse, ta kwashe Misbahu, mu muka bi su muka roƙa aka wuce da shi asibiti.

Ya tashi, amma idon hagu ya tafi, yatsu uku kuma sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Rumfar bai sake kafa ta ba. Ya samu aikin shirya kwali a wata masana'anta a Ogba inda ba a san shi ba, yana fita da sassafe ta bayan layi. A unguwa ba wanda ya sake dukansa, abin da suka yi masa ya fi duka. In ya shigo masallaci sahu sai ya buɗe masa fili ta dama da hagu. In an sallame ya miƙa hannu, sai mutum ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai. Ba mai gardama a kan laifinsa, ai da bakinsa ya faɗa, kuma abin ya dawo a gaban shaidu. Mutumin da ba ya iya rufe baki ya koma sai ya yini bai ce uffan ba. Na fi son surutun nan da nake korarsa a kai sau dubu.

Ana nan sai Ummu Salma ta fara amai da safe. Ni na fara ganewa, na ja ta asibiti, aka auna aka ce ai cikin ya kwana biyu. Ranar da ta rungumi tayar nan da fetur, da shi a jikinta ba ta sani ba. Misbahu ya zauna a bakin ƙofata ya yi kuka da ido ɗaya, sannan a karo na farko tun bayan dukan bakinsa ya buɗe. Ya ce in duba, cikin ya riga ranar, irin da ya yi cikin kuma ya riga cikin da watanni, tun lokacin da yake shan maganin likita, tun Kamal bai ma yi aure ba. Ya ce wannan lissafi ne da ko yaro zai gane, yanzu dole su san bai taɓa kowa ba. Na ce haka ne. Ban gaya masa abin da na riga na fara ji a bakin tukunya ba.

Su nasu lissafin gajere ne. Shekara da shekaru ba haihuwa, ya shafi Kamal, matarsa ta yi ciki. Ga Kamal kuma har yanzu amaryarsa shiru, yana bin majalisa yana cewa shi dai tun ranar bai koma daidai ba, an mayar masa da kwanon an riƙe tuwon. Na zagi wasu, na hana wasu tuwo, na fasa wa wata mata faranti a ƙafa. Ba abin da ya canja sai cinikina da ya ragu.

Ta haifi namiji, mai faɗin goshi irin na uban sak. Misbahu ya sayo rago, ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba, ya bi gida-gida da goro yana ajiyewa a bakin ƙofa tunda ba mai karɓa daga hannunsa. Na ɗauka ba za su zo ba. Suka zo kuwa, layin kaf, don ba a taɓa jin sun ƙi shinkafa ba. Liman ya raɗa suna, Abdulhadi, aka shafa fatiha. Misbahu ya miƙe cikin sabuwar shadda, ya tsaya a bakin rumfa inda uban jariri ke tsayawa a yi masa barka. Mutane suka riƙa wucewa ta gefensa hannu a aljihu suna gyaɗa kai. Kamal na zaune can baya da faranti a cinya. Balarabe ya taso ya ratsa kujeru, ya wuce Misbahu kamar bai gan shi ba, ya je ya kama hannun Kamal da hannu biyu ya girgiza.

"Barka, angon ƙarni. Allah ya raya maka."

Wasu suka tuntsire, wasu suka ce amin. Wani dattijo ma ya ce a bar wasa, amma yana faɗa yana murmushi. Kafin a kwashe kujeru na ji yara a bakin rijiya suna cewa za su shiga su ga ɗan Kamal.

Misbahu bai motsa daga bakin rumfa ba. Ya tsaya har mutum na ƙarshe ya fita, sannan ya shiga ɗaki. Na bi shi da kwanon naman da na ware musu, na tarar da shi tsugune a gaban katifa yana kallon yaron a cinyar uwarsa. Bai san na shigo ba, ko ya sani bai damu ba. Muryarsa ba faɗa a ciki, ba zargi, kamar mai faɗin abin da ya daɗe da aunawa.

"Salma, da kin bari sun ƙyasta, da yaron nan maraya ne, amma nawa ne."

Ummu Salma ba ta ɗago ba. Ta juya yaron ta ba shi ɗaya nonon, hawayenta na sauka a kan zanen goyon. Na ajiye kwanon a bayan ƙofa na fita, don akwai tukwanen suna da ke jiran wanki.